Dora a jikin bango, Inna a bakin murhu

Duk wanda ya yi wayo a Najeriya farkon shekarun 2000 ya san Dora Akunyili, ko bai riƙe sunan ba ya san matar nan mai ɗaurin ɗankwali sama da ake nunowa a labaran ƙarfe tara na NTA tana tsaye ana cinna wa tulin jabun magunguna wuta. Ita ta riƙe NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga 2001 zuwa 2008, daga nan marigayi 'Yar'aduwa ya naɗa ta ministar yaɗa labarai. A Disambar 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalin nan ya shafi fatar kanta, da yake akwai sauran shan ruwa ta tsira. Ciwon daji ne ya yi ajalinta a wani asibiti a Indiya ranar 7 ga Yunin 2014.

Toh ita wannan kowa ya sani. Wadda ba a cika sani ba a nan wajenmu ita ce 'yarta Njideka Akunyili Crosby, wadda yanzu haka tana cikin manyan masu zane na duniya, kuma ita ce ta sa na koma riƙe fensir bayan na yi shekaru da ajiye shi. A Inugu aka haife ta a 1983, ta tafi Amurka a 1999 tana 'yar shekara 16, da niyyar likitanci ma ta tafi irin na kowane gidan 'yan boko, ta karanta kimiyyar halittu haɗe da zane a kwalejin Swarthmore, ƙarshe dai zanen ya rinjaya, ta je ta yi digiri na biyu a kansa a jami'ar Yale ta gama a 2011. Ta auri Bature ɗan can, suna zaune a Los Angeles. A 2017 aka yi gwanjon wani zanenta a Landan, zanen yayarta ne tana yarinya, aka saye shi wajen dala miliyan 3, a shekarar kuma ta samu kyautar MacArthur, babbar kyautar da ake ba masu hazaƙa a Amurka. Kuɗin na faɗa ne kawai dan masu cewa zane aikin marasa abin yi ne su ɗan sarara mana, ba su ne suka dame ni ba.

Yanda take aikin ne ya kama ni. Daga nesa zakaga falo ne kawai, kujera, tebur, mace a zaune, ba wani abin mamaki. Sai ka matso, ko ince sai ka ja hoton da yatsa biyu ya buɗe tunda mu a waya muke kallo, sai kaga ashe bangon nan da daɓen ƙasa har da fatar hannun matar duk cike suke da ƙananan hotuna, ɗaruruwa, wani kan wani. Hotunan albam ɗin gidansu, na biki, na mawaƙa da 'yan fim ɗin kudu, na mujallu, har da fuskokin sojojin da suka mulki ƙasar nan. Fotokofi take yi musu, ta kifa a kan babbar takardar da take aiki a kai, ta shafa asiton ta baya, irin ruwan nan mai ƙarfin wari da ake goge jan farce da shi, ta murza sosai sai tawadar ta saki ta koma kan takardar. Baya fitowa raɗau, yana fitowa ne a koɗe kamar atamfar da ta sha wanki da rana, kuma koɗewar nan ita ce daɗin abun, dan haka tunanin gida yake zuwa wa mutum, ba ya zuwa tsaf. A kan wannan sai ta bi da fenti da fensir mai kala. Kuma ba ƙananan zane bane, wasu sun fi mutum tsayi.

Sannan ga tarkacen da take sakawa, fitilar ƙwai a kan teburin kakarta ta ƙauye, gwangwanin Milo, kwalin sukari St. Louis. Bature zai kalla yace kayan shayi ne. Ni kuwa ina gani na ji ƙarar cokali a kofin silba da safe ana sauri kar a makara makaranta. Ita Ibo ce Kirista daga Inugu, ni Bahaushiya ce Musulma, addini daban yare daban abinci daban, amma kwalin sukarin nan ɗaya ne a gidajenmu, wannan kam ba wanda ya isa ya raba mu da shi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ta kira Mother and Child, wato uwa da ɗa, na 2016. Tana ɗauke da cikin fari ta yi shi, shekara biyu da rasuwar mahaifiyarta. Mace ce zaune a falo ita kaɗai ta kau da kai, hankalinta na kan wani hoto a bango na uwa riƙe da ɗa. Babu jariri a hannunta, babu a ɗakin ma kwata-kwata, sai wanda ke cikin hoton bangon da wanda ke cikin cikinta da ba a gani. Ga kuma atamfa mai ɗauke da fuskar Dora, irin wadda mutanen kudu ke bugawa su yi anko idan babban mutum ya rasu, ta mayar da ita jikin bango. Wato ga mace zata zama uwa, uwar da zata tambaya yaya ake yi babu ita, amma fuskarta ce a jere a bangon gidan. Wallahi na daɗe ina kallon abun nan a waya har fuskar wayar ta mutu na sake kunnawa.

Mu ba ma anko na mutuwa. Da an rasu an yi wanka an yi sutura an kai, sai zaman gaisuwa, masu yin sadakar uku da bakwai da arba'in su yi, shikenan, kuma ni ban ga laifin hakan ba, yafi min sauƙi ma. Amma muna da namu zanen. Da kakata ta rasu, wadda ita ta riƙe ni tun daga yaye, aka raba kayan sawarta, ni wata tsohuwar atamfa na ɗauka da ba wanda ya kalla dan ta koɗe har ba a gane asalin kalarta. Haɓar zanen ta murɗe ta ƙi miƙewa ko an goge, saboda nan take ƙulle 'yan canjinta da goro, shekara da shekaru guri ɗaya. Da shi na goya ɗana.

Dalilin da yasa kaka ce ta riƙe ni kuwa, ni 'yar fari ce, kuma Innarmu irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Har yau bata taɓa kiran sunana ba. Ke, ko waccan, ko ta ce da ƙannena ku kira min yayarku. Ina ƙarama idan na je hutu na faɗi na fasa gwiwa, sai dai ta ce da wata a gidan, duba yarinyar can ko ta ji ciwo, ita ta cigaba da tankaɗe kamar ba ta gani ba. Masu tasowa yanzu idan suka ji wannan sai su ce ai zalunci ne, rashin so ne, har da su kawo maganar ƙwaƙwalwa da abun da suka karanto a intanet. Ni bana cewa al'adar bata da ciwo, tana da shi, na ɗanɗana. Amma wanda yace babu so a ciki bai zauna da irin matan nan ba ne. Son yana nan, hanyar baki ce kawai aka toshe masa, dole ya nemi wata.

Da na haihu aka kai ni gida wanka. Nan ne na fara ganin abun da idona a matsayin babba. Tun kafin kiran assalatu zan ji motsinta a tsakar gida, tana jan itace, tana hura wuta tana tari, ga ƙatuwar tukunyar ruwan wanka, ga ganyen darbejiya an jiƙa, ga kunun kanwa a gefe ana damawa. Akwai masu aikin da zasu iya yi, akwai gwaggona da aka ɗauko musamman dan wankan, amma wutar nan ita take hurawa da kanta kullum. Kuma ko sau ɗaya bata shigo ta ce sannu ya jikin ba, sai dai ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce da gwaggo, "Ku ce ta shanye kunun nan tun da zafinsa." Ina zaune ina jinta, taku uku ne tsakaninmu.

A lokacin kuma ni kaina ban san inda kaina yake ba. Kowa murna yake, ana ta barka, an yi suna an ci ƙauri an watse, ni kuma da dare idan yaron ya yi barci sai in zauna in ta hawaye ba dalili, wani sa'in in kalle shi in ji tsoronsa nake, wani sa'in in ji haushin kukansa sannan in ji haushin kaina da na ji haushi. Idan ka ɗan furta sai ace ki gode Allah, wasu nema suke ido rufe. Toh na gode masa mana, wa yace ban gode ba? Godiya daban gajiya daban. Hukumar lafiya ta duniya ta ce wajen kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga larurar damuwa, a ƙasashe masu tasowa irin namu kuma abun ya kusa kashi 20, wato a duk mai jego biyar da kika je wa barka akwai yiwuwar ɗaya tana cikin wannan hali tana miki murmushi. Nawa dai ya zo da sauƙi ya wuce, amma wadda nata ya daɗe ko ya yi tsanani dan Allah a kai ta asibiti, a haɗa da addu'ar, kar a tsaya ana aljanun jego ne.

Ga kuma wani abu da ba wanda ya gaya min zai faru. Sunana ya ɓace. Inna dama bata faɗa, maigida da danginsa daga ranar suna suka koma Maman wane, maƙwabta haka, har ƙawayen da muka yi makarantar kwana tare muka ci garin kwaki a kwano ɗaya suka ɗauka. Sai da ta kai idan ba a layin awo ko a banki ba bana jin an kira ni da sunan da aka raɗa min. Ina son Maman wane ɗin, girma ne, amma wani lokacin sai in tambayi kaina ita waccan yarinyar mai zane a bayan littafin lissafi har malam ya zane ta, ina ta shiga?

A cikin wankan nan ne na karɓi biro da ragowar littafin ƙanwata na fara zana Inna ta taga. Ta baya nake zana ta, dan ta nan kaɗai nake samun ganinta, idan ta juyo muka haɗa ido zata bar gurin. Bayanta a duƙe, ƙafa ɗaya a gaba, hannun hagu dafe da gwiwa, ɗankwali ya zame baya, hayaƙi ya rufe rabin jikinta. Abun da ya fi ba ni wuya shi ne wuyanta, akwai wata jijiya da take tashi idan ta cika baki da iska zata hura, na ɓata shafuka da yawa a kan jijiyar nan kaɗai. A nan na lura kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka. Shekaru nawa ina kallon matar nan ban taɓa gani ba sai da na zo sa ta a takarda, kuma na san daga ina ya samo asali, ɗaukar tulu ne da goyo da daka, mu ne muka sauke kafaɗar.

Na san akwai mai karantawa da tun ɗazu maganar hukunci ke cinta. Nima a Islamiyya na tashi, an karantar da mu hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani kan masu yin surar abu mai rai, kuma ban ɗauke su da wasa ba. Malamai sun yi bayani mai faɗi, an yi saɓani a kan hoton kyamara, an yi magana a kan surar da bata cika ba kamar wadda ba kai ko ba fuska, kowa ya tambayi malamin da ya aminta da shi, ni ba fatawa nake bayarwa ba. Abun da hankalina ya kwanta a kai shi ne bana zana fuska. Baya, hannu, ƙafa mai kaushi, ɗaurin goyo, tukunya, igiyar shanya da kayan jarirai. Da farko na ɗauka takura ce, daga baya naga ai mu dama ba a fuska muke ajiye abun ba. Fuskar Bahaushiyar uwa an horar da ita tun tana budurwa kar ta nuna komai, ko naƙuda take ana so ta cije. Idan kina son sanin me ke ranta ki kalli hannunta.

Kuma ai matanmu sun daɗe suna zane, ba a dai kira shi da sunan ba ne. Jeren kwalla da tasoshi a ɗakin amarya na da, wanda ake tsarawa tun daga ƙasa har rufi kala na bin kala, meye shi? Saƙar faifai fa, da zanen ƙwarya, da ɗinkin hula da mata ke zama su yi wata guda a kan ɗaya, da lalle? Matar da ke bayan naira 20, Ladi Kwali, tukwane take ginawa tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikinsu, tun 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da wadda yanzu ake kira Suleja, aikinta ya zaga har Ingila da Amurka. Muna ba yara ita su sayo alewa ba tare da mun taɓa juya takardar mun ce musu ga wacece ba.

Akwai wata Bajamushiya kuma da bana iya kallon aikinta da dare, Käthe Kollwitz. A 1903 ta yi zanen wata uwa ta ƙanƙame gawar ɗanta ta cusa fuska a ƙirjinsa, kuma da ɗanta Peter ta gwada zaman a gaban madubi, lokacin yana ɗan shekara 7. A 1914 yaƙin duniya na farko ya tashi, yaron yana 18 ya dage sai ya je, shekarunsa basu kai ya tafi ba sai da sa hannun uba, ita ce ta taya shi roƙon uban har ya yarda. A watan Oktoba aka kashe shi a Beljiyam. Shekara 18 ta yi tana fama da abun tunawa da shi, sai 1932 aka kafa, kuma a ƙarshe ba yaron ta sassaƙa ba, ita da mijinta ne a durƙushe, shi ya rungume kansa ita ta sunkuyar da kai. Suna nan a maƙabartar sojojin Jamus ta Vladslo inda aka binne shi. A 1942 jikanta mai sunan Peter ɗin shima ya mutu a yaƙi na biyu. Duk uwar da ta taɓa sa wa ɗanta albarka ya tafi wani guri da hannunta, makaranta ko aikin soja ko ci-rani, sannan aka dawo mata da labari, bata buƙatar a fassara mata aikin matar nan.

Shi yasa hotunan nan da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp na ranar uwa basa burge ni ko kaɗan, uwa fes da kwalliya, jariri na dariya, furanni ta ko'ina, a ƙasa an rubuta uwa mai daɗi. Ba ƙarya bane amma kwata ne na gaskiya. Ina rigar da nono ya jiƙa? Ina idon da bai runtsa ba? Ina wadda ta yi ɓari ta koma gida aka ce mata ba komai Allah zai kawo wani, ta tashi ta ɗora girki? Ita ma Njidekar ina da ƙorafi a kan lamarinta duk da ba laifinta bane, zanen da aka yi da fuskar Dora da fitilar ƙauye yana rataye a manyan gidajen kallo na Turai da Amurka da gidajen masu kuɗinsu, matan da suka ɗaura ankon nan a jikinsu yawancinsu ba zasu taɓa tsayawa a gabansa ba. Mu ma nan a waya muke leƙe, data na ƙarewa.

Inna dai ta ga zanen. Ƙanwata ce ta tona, ta ɗauki littafin ta kai mata tana dariya, ni kuma ina ɗaki kunya kamar in nutse. Ta daɗe shiru. Can sai na ji tace da gwaggo, da ƙarfi yanda zan ji, "Ku gaya wa mai ɓata takardar nan ni ba haka nake ɗaura kallabi ba, wannan ai ɗaurin 'yan talla ne." Washegari da asuba da ta fito hura wuta ɗankwalin a ɗaure yake tsaf irin na zuwa unguwa, kuma ta daɗe a duƙe fiye da yanda wutar ke buƙata, har gwaggo tana ce mata Yaya ai ta kama, tace ta sani.

Yanzu na koma ɗakina, na sayi takarda mai kauri da fensir na gawayi, tsada kamar me, kuma sai yaron ya yi barci nake samun yi, wani lokacin layi biyu ne ya farka. Ina gwada abun Njideka da hotunan bikin Inna na da, fotokofi da ruwan goge farce, yana kamawa amma sai an buɗe taga dan warin yana hawa kai, kuma kar a yi kusa da yaro ko kusa da wuta. Gwaggo ma ta aiko wai saura ita, amma da sharaɗi, in jira sai bayan sallah ta karɓo sabuwar shaddarta daga wajen tela, kuma in rage mata ƙiba.